Mustang ko Porsche? Hukuncin da Hanyar Jibiya Ta Yanke

Kwanakin baya a Katsina, bayan walimar wani abokinmu, gardama ta kaure tsakanin matasa biyu a kan motocin gudu. Ɗaya ya yi karatu a Amurka, ya dage cewa babu motar da ta kama ƙafar Ford Mustang da Chevrolet Corvette wajen ƙarfi da ruri. Ɗayan ya ce wannan hayaniya ce kawai, gwaninta tana wurin Porsche da Ferrari. A gefen tabarma akwai wani dattijo da ya shafe ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Maraɗi. Da aka nemi ya raba gardamar, sai ya tambaya wace ce a cikin motocin nan za ta ɗauki mutum bakwai da kayansu ta bi ta Jibiya da damina, kuma idan ta lalace a Ɗan Isa wane bakanike ne ya san cikinta. Aka yi dariya aka tashi. Ni kuwa tambayar ta bi ni gida, domin na lura cewa tsohuwar takarar Amurka da Turai a fagen ƙera mota an taɓa yin ta a kan wannan hanya tamu, kuma sakamakonta ya bambanta da wanda ake karantawa a mujallun ƙasashen waje.

Kafin a zo kan Jibiya, ya kamata a san abin da ya raba motocin nahiyoyin biyu tun asali. Amurka ƙasa ce mai faɗi, mai miƙaƙƙun hanyoyi da mai mai araha, kuma hukuma ba ta ɗora wa mota haraji gwargwadon girman injinta ba. Saboda haka maƙerin Amurka idan yana son gudu sai ya ƙara wa inji girma. Corvette ta fito a 1953, bayan shekara biyu aka sa mata inji mai silinda takwas. Mustang ta bayyana a watan Afrilun 1964, aka sayar da fiye da dubu 400 a shekararta ta farko, don an yi ta ne yadda ma'aikaci matsakaici zai iya saye. A Turai lamarin ya sha bamban. Hanyoyi ƙunci gare su da yawan kwana, mai yana da tsada, kuma ƙasashe irin su Faransa da Ingila sun daɗe suna auna harajin mota da girman inji. Maƙerin Turai ya koyi fitar da gudu daga ƙaramin inji, ya rage nauyin jiki, ya mai da hankali ga birki da yadda mota take riƙe ƙasa a kwana. Porsche 911 da aka fara nunawa a 1963 injinta lita biyu ne kacal, a bayanta aka ɗora shi.

Takarar ta kai ƙololuwa a filin tseren Le Mans na Faransa, inda ake gudu awa 24 ba tsayawa. A 1963 kamfanin Ford ya nemi sayen Ferrari, ciniki ya watse, Henry Ford na biyu ya ɗaura ɗamarar kayar da su a fili. A 1966 motocin Ford GT40 masu inji lita bakwai suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, kuma Ford ta ci gaba da lashe gasar har 1969. Abin da masu yabon wannan nasara kan manta shi ne, a Ingila aka fara ƙera GT40. Sai da ƙarfin injin Amurka ya haɗu da dabarar ƙirar Turai sannan aka kai ga gaci. Bayan shekaru kaɗan, tashin farashin mai na 1973 ya rage wa manyan injuna farin jini har a cikin Amurka.

To, mu dawo gida. Jibiya tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi, garuruwa biyu masu tushe ɗaya, tun da zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi a tsakani a farkon ƙarni na 20, amma fatauci bai tsaya ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa gangarowa kudu tana neman tasha, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a mota. Zagayen farko na takarar kuwa Amurka ce ta ci shi. A shekarun 1920 motocin ɗaukar kaya na Ford sun yi kasuwa a Afirka ta Yamma saboda ba su da nauyi, ba su da tsada, gyaransu da sauƙi, ga shi suna bin hanyar burji da manyan motocin Turai masu nauyi suke farfasawa. Wato Amurka ta yi nasara a nan ne da motar manomi, irin wadda aka yi wa ƙauyukanta marasa kwalta.

Akwai wani abu da matasan yau ba su riska ba. Har zuwa 1972 Nijeriya tana tuƙi ne a hannun hagu irin na Ingila, alhali Nijar tana bin hannun dama irin na Faransa. Direban da ya tashi daga Katsina, da ya wuce Magamar Jibiya sai ya sauya hannu, haka kuma in ya dawo. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma hannun dama, ta daidaita da maƙwabtanta. Wannan mataki ya rage wa motocin Ingila irin su Morris da Austin tagomashi, ya buɗe ƙofa ga duk motar da sitiyarinta yake hagu, ta Amurka ce ko ta Faransa ko ta Jamus. Ga kuɗin mai sun fara kwararowa, ga ƙarin albashin Udoji yana tafe, ga fetur da araha. Wanda ya dubi lamarin daga nesa zai zaci Nijeriya za ta bi sahun Amurka wajen son babban inji.

Ba haka aka yi ba. Peugeot, wadda muke kira Fijo, ita ta kwashe kasuwar. Dalili na farko siyasa ce ta masana'antu. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniyoyin harhaɗa motoci da kamfanonin Turai, aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, ta Volkswagen a Legas, daga baya ta Fiat a Kano da ta Steyr a Bauchi. Sassan Fijo a jirgin sama ake kwaso su daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna a harhaɗa. Gwamnati ta mai da Fijo motar ma'aikatanta, bashin mota ya kai ta gidan malamin makaranta da akawu. Dalili na biyu kuwa motar ce da kanta. Fijo 504 da ta fito a 1968 injinta mai silinda huɗu ne, bai wuce lita biyu ba, amma ƙafarta tana da laushi da tsawon numfashi a kan gargada, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, kuma bakanike mai sifana da guduma yana iya kwance ta ya ɗaura a gindin bishiya. Dalili na uku shi ne iyaka. Nijar ƙasa ce da motar Faransa ta riga ta zauna, don haka kayan gyara iri ɗaya ake samu a Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Kada a ɗauka Fijo ba ta san tsere ba. Ta san irin tseren da ya dace da ƙasarmu. A gasar Safari ta Gabashin Afirka, inda ake gudu cikin laka da ƙura, Fijo 404 ta yi nasara a 1963, ta sake yi sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968, ita kuma 504 ta ci a 1975 da 1978. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta sha ratsa Agadas da sahararta, Porsche ta lashe ta a 1984 da 1986 bayan an ɗaga motocinta sama an raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, sannan Peugeot ta riƙe kambun daga 1987 zuwa 1990. Shekarun da Ford take murna a kan shimfiɗaɗɗiyar kwaltar Le Mans su ne shekarun da 404 take cin gasa a hanyoyi masu kama da namu. Bakatsine ya san wannan bambanci tun kafin mota. A garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi, kowa ya san dokin sukuwa daban, dokin doguwar tafiya daban.

Zamanin Fijo ya fara gushewa da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986. Darajar naira ta faɗi, sabuwar motar Kaduna ta fi ƙarfin albashi, jama'a suka koma ga motocin hannu daga Turai. Tashar jiragen ruwan Kwatano ta zama babbar kasuwarsu, har sunan garin ya zama sunan motar. Wani kaso yakan biyo ta Malanbil da Gaya da Doso da Birnin Konni a matsayin kayan wucewa, ya sauka Maraɗi, ya shigo ta Jibiya. Ita kanta Fijo ta sami sabon aiki a hannun 'yan fito. An cire mata kujerun baya, an ƙara mata ƙarfin ƙafa, tana sheƙa gudu a hanyoyin daji da buhunan shinkafa ko jarkokin fetur. Idan ana neman motar da ta yi kaurin suna wajen gudu a ƙasar Jibiya, to ita ce wannan, kuma gudun ya ci rayuka ba kaɗan ba, na direbobi da na masu tafiya a gefen hanya. A shekarar 2006 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna.

Amurka ta dawo kasuwar, sai dai cikin rigar aro. Honda Accord da Toyota Camry da suka cika titunan Katsina da Kano sunayensu na Japan ne, amma da yawansu a Amurka aka ƙera su. Honda ta fara yin Accord a jihar Ohayo a 1982, Toyota kuma tana yin Camry a Kentaki tun 1988. Daga kasuwannin gwanjon Amurka ake sayo su, wasu lafiya lau, wasu bayan haɗari ko ambaliya, a gyara a sayar. Dillalai ma suna kiran wani samfurin Camry da suna Muscle, kalmar Turanci mai nufin ƙwanji, wadda a Amurka laƙabi ne na motoci masu ƙaton inji irin Dodge Charger. Sunan ya iso mana, motar da ta dace da hanya da aljihu ta ɗauke shi. Mustang da Corvette da Porsche kuwa cikinsu bai kai taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Akan gan su jefi-jefi a Abuja ko a ayarin biki, inda kwalta take da kyau kuma tafiyar ba ta da nisa.

A shekarun nan dokar hukuma ta fi kowane inji tasiri a Jibiya. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, kuma Jibiya ba ta cikin waɗanda aka fara buɗewa a Disambar 2020, sai a Afrilun 2022. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya taɓa tukunyar direba da bakanike da mai faci da mai sayar da abinci a tasha. Mun shiga halin da ya tilasta wa Turai ƙaramin inji, wato tsadar mai, ba tare da mun mallaki masana'antun da suka ba ta damar amsa matsalar da kanta ba.

Tarihin hanyar ya nuna cewa sau biyu ana sauya gwarzo, daga Ford zuwa Fijo zuwa motocin Japan ƙirar Amurka, kuma kowane karo abubuwa uku ne suka yanke hukunci: yanayin hanya, samuwar kayan gyara, da dokar gwamnati. A cikin ukun, Fijo kaɗai ta bar mana ma'aikata da suka koyi sana'a a Kakuri. Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma idan ya kammala zai karɓe wani kaso na kayan da motoci suke ɗauka. Motar da za ta rage a hanyar ita ce mai shan mai kaɗan, wadda bakaniken Magama zai iya gyarawa. Abin da ya kamata masu ilimi da masu jari na Arewa su tattauna shi ne ko za a harhaɗa ta a Kaduna ko Kano, ko kuwa za mu ci gaba da jiran abin da wasu suka gama hawa. Na so a ce matasan nan biyu sun tsaya sun amsa tambayar dattijon kafin a naɗe tabarma.