Makaɗin da Ba Shi da Ubangida

A ƙasar Hausa, tun zamanin da, kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira ko jima ko fawa. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, kuma kowane makaɗi yana da mutanen da yake yi wa kiɗa. Mahauta suna da masu kalangu, maƙera suna da masu dundufa, manoma da maharba da 'yan dambe kowa da nasa. Bisa su duka akwai makaɗan fada, masu kotso da taushi.

Makaɗin fada bara ne na ubangida guda. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, Salihu Jankiɗi kuwa na Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Cin irin wannan makaɗi da shansa da suturarsa duk suna wuyan sarki. Akan ba shi gida da gona da doki, in salla ta zo a sa masa riga da rawani. Shi kuwa aikinsa ya wasa ubangidansa, ya ambaci kakanninsa, ya yi wa abokan takararsa zambo. Ba ya tashi yawon kiɗa sai da izini. Yunwa ba ta kama shi, amma fa bakinsa ba nasa ba ne.

To, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka shiga cinikin gyaɗa da auduga, sai kuɗi suka fara taruwa a hannun waɗanda ba su gaji sarauta ba: attajirai, da dillalai, da ma'aikatan En'e, daga baya kuma masu motoci da direbobinsu. Su ma suna so a faɗi sunansu a cikin taro. Makaɗin fada ba zai sauko ya yi musu ba. Nan ne ƙofa ta buɗe wa wani irin makaɗi, wanda ba shi da ubangida, kowa nasa ne in dai zai ba shi.

Babu wanda ya shiga wannan ƙofa kamar Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923. Bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba, gama a lokacin ana ganin roƙo abin kunya ne ga ɗan da ba gidansu ake yi ba. Ya yi tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin ya mai da ita sana'a. Kayan kiɗansa kalangu ne, watau gangar mahauta da ta wasan 'yan mata, wadda ba ta da wata daraja a fada. Ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, garin auduga da jirgi da 'yan kasuwa. Ba banza ya zaɓi irin wannan gari ba.

Sai mai karatu ya lura da yadda kuɗin ke shigowa, domin ya bambanta da na Turai. A can mutum yakan biya a ƙofa ya shiga ya saurara. A nan kuwa mai biki ne ke gayyatar makaɗi, ya aika masa da goron gayyata, ya sauke shi, ya ciyar da jama'arsa. Amma wannan ba shi ne samun ba. Samun yana cikin fili. In makaɗi ya kama sunan wani, ya ambaci ubansa da garinsu da alherin da ya taɓa yi, sai mutumin ya taso ya yi masa liƙi, watau ya riƙa manna masa kuɗi a goshi. Abokansa su taso su taya shi. Sanƙira kuwa yana tsaye yana shela, wane ya ba da kaza, don wanda ke zaune ya ji kunya ya fi shi. Wani ya tuɓe riga ya bayar, wani doki, da zamani ya zo har mota da kujerar Makka. Wanda aka yi wa waƙa ya yi rowa, to, ya san abin da ke jiransa, domin mai iya yabo ya iya zambo. A ganina rabin kyautar da ake yi wa maroƙa ta ƙauna ce, rabi kuwa ta tsoron baki.

Abin da aka samu ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai masu kalangu, da 'yan amshi, da sanƙira, da direba, da yara masu ɗaukar kaya, kowa da iyalinsa. Maigida ya ɗauki babban kaso, ya raba musu saura. Watau wanda ya ƙi zama baran sarki ya wayi gari shi ne ubangidan waɗansu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi wata hanya. Shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi balle rabo. Don haka ya sami damar yi wa waɗanda ba su da abin ba shi waƙa, kamar karen mota.

Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, sun kai muryar makaɗan nan inda ƙafarsu ba ta taka ba. Suna suka ba su, suna kuwa shi ke jawo gayyata. Da kaset ya yawaita, sai masu shaguna suka riƙa kwafa suna sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota, mai waƙa bai ga ko kwabo ba. An kafa dokar kare haƙƙin mallaka a 1988, amma ba ta hana ba. A wajen fada kuma al'amari ya juya. Bayan an rushe En'e a 1976, aljihun sarakuna ya rage nauyi, har manyan makaɗan kotso irin su Musa Ɗanƙwairo suka riƙa haɗawa da attajirai. Hanyar Shata ta zama ta kowa.

Shi kansa Shata ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma da ƙafarsa yake zuwa, da ita yake komawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, abin da mai tallan alewa a Musawa bai taɓa mafarki ba. Ya rasu a Kano a 1999, aka kai shi Daura aka rufe.

Mawaƙan da suka biyo baya a Kano da Kaduna sun ajiye kalangu, suna shiga situdiyo a haɗa musu kiɗa da fiyano da kwamfuta, su sa waƙar a fim ko a YouTube. Amma abincin yawancinsu yana wajen waƙar amarya da ango, wadda ake biya a jera sunayen dangi a ciki, da kuma wajen 'yan siyasa. Dauda Kahutu Rarara ya yi fice ne da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Buhari a zaɓen 2015, kuma a wajen taro har yanzu a goshi ake manna kuɗin.