Daga Huhun Ƙarfe Zuwa Lissafin Numfashi: Darasi Ga Ƙasar Zamfara

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun na'urar taimakon numfashi, mu ga abin da tarihinta ke koya mana a Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

A shekarar 1928 Philip Drinker da Louis Shaw suka ƙera huhun ƙarfe a Amurka, wato akwatin da ake sa majinyaci a ciki, iska tana ɗaga ƙirjinsa tana sauke shi. Da annobar shan inna ta auka wa birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak a 1952, mutum 27 daga cikin 31 na farko da numfashinsu ya gaza suka mutu. Sai likita Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa tura iska da jakar roba. Ɗalibai wajen 1,500 suka yi ta matsa jakunkunan nan da hannu, dare da rana, mace-mace kuwa suka ragu ƙwarai.

Daga nan lissafi ya shigo. Masana suka ɗauki huhu tamkar zugazugin maƙeri, suna auna taurinsa da ƙuncin hanyar iska. Tun a 1950 Otis da Fenn da Rahn suka fitar da lissafin wahalar da jiki ke sha wajen numfashi. A 1992 Magdy Younes ya bayyana tsarin da na'ura ke ƙara wa majinyaci ƙarfi gwargwadon yunƙurinsa. Binciken shekarar 2000 kuma ya nuna rage yawan iskar daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin jiki ya sauko da mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari. Ashe iska ma in ta yi yawa takan yi ɓarna.

Yau ana kwaikwayon huhu a kwamfuta, ɗalibi ya gwada tsari iri-iri ba tare da an yi kasada da ran kowa ba. Majinyacin da aka ɗauko daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau yana bukatar na'ura da lantarki da iskar oksijin, amma ya fi bukatar wanda ya san awon. Saboda haka muna ganin wajibi ne kwalejojinmu na ilimi da na kiwon lafiya su shigar da wannan kwaikwayo cikin darussan lissafi da kimiyya, tun kafin wata annobar ta zo ta tarar da mu.