Shekara 75 a Kwana Biyu

A watan Disamba na 2008, giɓin kasafin kuɗi ya sha wa birnin Shikago na Amurka kai. Magajin gari Richard Daley ya nemi majalisar birni ta ba da hayar mitocin fakin motoci kusan 36,000 ga kamfanonin da Morgan Stanley ke jagoranta: shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Kwana biyu kacal kansiloli suka samu don nazarin yarjejeniyar. 40 suka amince, 5 suka ƙi.

Haya aka kira ta, amma bashi ce. Cikin 'yan shekaru aka cinye yawancin kuɗin, farashin fakin kuma ya ninka. Har yau, idan birnin ya rufe titi don biki ko gyara, yakan biya kamfanin diyyar cinikin da ya rasa.