Baƙauye a Fadar Sarki

Kamar yadda ɗan birni a ƙasar Hausa ya ke ba da labarin baƙauye don a yi dariya, haka mutanen biranen Falandas, watau arewacin Beljiyam ta yanzu, su kan yi a zamanin da. Amma su da fenti su ke ba da nasu labarin, a bisa allo. Attajirai ke saye, manomin da aka zana kuwa ba shi da kuɗin sayen ko ɗaya.

Babbansu shi ne Bita Buruhel, wanda ya rasu a 1569. Wani malami, Karel fan Manda, ya rubuta a 1604 cewa Buruhel ya kan yi shigar ƙauyawa ya tafi gidan biki da gudummawa, ya ce shi dangin ango ne ko na amarya, don ya ga yadda su ke ci da sha da rawa. A Lubur, babban gidan ajiyar zane na Paris, akwai wani ɗan allonsa na 1568, faɗinsa kamar taƙi guda. Guragu biyar ne da sandunansu, an maƙala musu wutsiyoyin yanyawa a riga. Wanda ya fara dubawa da dariya ya kan ƙare da tausayi.

An ce da Sarki Luwis na 14 ya ga zanen ƙauyawa na Dauda Teniyas, sai ya ce a kawar masa da biran nan. Duk da haka a 1685 aka sayo masa Bikin Ƙauye na Rubens, wanda faɗinsa ya fi ƙafa 8. Ga masu rawa sun cakuɗe, ga mashaya giya, ga mata suna ba da mama, ga alade ya leƙo daga akurkinsa. Bayan rasuwar sarkin, manyan Paris suka riƙa ribibin zanen Teniyas ɗin nan da ya raina.

Da aka tuɓe sarauta, sai aka buɗe wa jama'a Lubur a 1793. A 1801 hukuma ta umarta a rarraba zane ga garuruwa 15. Liyon ta sami rabonta, har da na Falandas, ta buɗe nata gidan a 1803. Daga nan talaka ya sami ikon shiga ya ga yadda masu kuɗi suka zana ɗan'uwansa, ya auna da kansa ko ba'a ce ko gaskiya.