Yadda Japanawa Suka Mai da Littattafan Turawa Majigin Yara

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ga wani abu da mu masu nazarin adabi muka saba rainawa, watau majigin zane na yara wanda ake kira katun.

A shekarar 1974 ne gidan telebijin na Fuji a ƙasar Japan ya fara nuna labarin Heidi, wata marainiya da ke zaune da kakanta a kan duwatsun Suwizalan. Johanna Spyri ce ta rubuta littafin da Jamusanci, ya fito a 1880 da 1881. Isao Takahata ne ya shugabanci aikin majigin, kuma kafin a fara zane sai da shi da abokan aikinsa, ciki har da Hayao Miyazaki, suka je Suwizalan suka ga wurin da idanunsu. Daga 1975 kamfanin Nippon Animation ya ci gaba da wannan tsari har 1997: kusan kowace shekara littafi guda, ana nuna shi kashi-kashi kowace Lahadi da dare.

To, a nan gizo ke saƙa. Shekara tana da mako 52, littafi kuwa ba lalle ya kai haka ba. Alal misali, labarin Marco na 1976, yaron da ya tashi daga Italiya zuwa Ajantina neman mahaifiyarsa, asalinsa ɗan gajeren labari ne a cikin littafin Cuore na Edmondo De Amicis, na 1886. Don a cika kashi 52 sai aka ƙaga masa biri abokin tafiya, aka ƙara mutanen da marubucin bai san da su ba. Ita ma Heidi an ƙara mata kare, aka kuma rage wa'azin Kiristanci da ya cika littafin. Sauran lokacin aka cika shi da tatsar awaki da kiwo da hira a bakin murhu. A ganina wannan aiki ya wuce fassara, ya fi kama da abin da Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗauko labaran wasu ƙasashe ya ɗinka musu sabuwar riga. Bambancin kawai shi ne Japanawa sun bar labarin a garinsu.

Wani abin mamaki ya faru da A Dog of Flanders na 1975. Ouida, marubuciyar Ingila, ta rubuta shi a 1872 game da wani yaro da karensa da suka mutu cikin sanyi a babban cocin Antwerp, amma mutanen Beljiyam kaɗan ne suka san littafin. Sai da Japanawa masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa suna tambayar inda yaron ya mutu, sannan aka kafa mutum-mutumin yaron da karen a unguwar Hoboken a 1985.