Binciken bibiya

binciken bibiya (suna, namiji): A fannin lafiyar al'umma, salon bincike ne da ake zaɓar rukunin mutanen da wata cuta ba ta riga ta kama ba, a rubuta halayensu da yanayin rayuwarsu, sannan a bi sawunsu shekara da shekaru domin a ga waɗanda za su kamu. Fitaccen misalinsa shi ne wanda aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 da mutum 5,209, wanda ya nuna yadda hawan jini da shan taba suke ƙara haɗarin ciwon zuciya. Darajar wannan salo ita ce ana rubuta abin da ake zargin yana jawo cutar tun kafin ta bayyana, sai dai yana cin kuɗi ƙwarai, kuma wasu mahalarta sukan ƙaura ko su janye kafin a kammala.