Daga Tiga Zuwa Zungeru: Dogon Fama Da Yoyon Dam

Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka datse Kogin Kano a Tiga, kudu maso yamma da Rano. Ƙasa aka yi ta jibgewa ana dannewa har ta zama ganuwa mai tsawon kusan kilomita 6. Daga nan ruwa ke bin kwata zuwa Ruwan Kanya, ya wuce gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Noman rani ya zauna da gindinsa a kudancin Kano.

Sai dai dam ɗin ƙasa yana da maƙiyi na ɓoye. Ruwa kan sulala ta cikinsa, yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan, har ya yi wa kansa hanya. Ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 ta farkar da hukuma, kuma a 1992 aka rage tsayin mafitar ambaliyar Tiga don a sassauta wa ganuwar nauyin ruwa.

A waɗannan shekarun injiniyoyin duniya suna gwada wata dabara: kankare mai ƙarancin ruwa da siminti, a shimfiɗa shi kaurin santimita 30, rola ta bi ta danne kamar daɓen ɗaki, sannan a ɗora wani. Aikin ya fi sauri da araha. Amma dam ɗin Willow Creek da aka gina da wannan dabara a Amurka a 1982, da aka fara tara masa ruwa sai ya kama tsiyaya ta tsakanin shimfiɗun, dole aka huda jikinsa aka ɗura siminti. Tun daga nan ake shafa kwaɓin siminti tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, a ƙarfafa fuskar da ke kallon ruwa, a bar hanya a cikin ginin inda ma'aikata ke auna yoyo. Da wannan fasahar aka gina babban dam ɗin Habasha, da tsakiyar na Zungeru a Jihar Neja mai megawat 700.

Ko da ƙasa aka yi ko da kankare, dam ba ya tsayawa sai da mai duba shi. Abin da ɓallewar dam ɗin Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ya ishe mu izina. Muna roƙon Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ta riƙa bayyana sakamakon binciken Tiga duk shekara. Ku kuma mutanen Rano da Kibiya, duk wanda ya ga ruwa mai laka na ɓulɓulowa a gindin dam, ya kai rahoto a ranar.